NOMAN BABBAR ALBASA MARAR YAJI DAGA ƘWAYAR IRI

Zuwa ga dagatai da masu lambu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram.

Kowa ya san jar albasa tamu, irin su Wuyan Bijimi da Gindin Tasa, da ta Galmi a ƙasar Nijar. Suna da yaji, suna jimre ajiya. Amma akwai wata, babba, fara ko ɗorawa, wadda a kan ci ɗanya ba hawaye. Nomanta ba wuya, sai dai wanda ya kuskure sharaɗinta zai yi hasarar iri da wahalar rani ɗaya.

1. Zaɓen iri. Ku sani albasa ba ta yin kai sai tsawon yini ya kai gwargwadon da irinta ke so. Irin arewacin Turai yana bukatar yini mai sa'a 14 ko fiye, mu kuwa yininmu bai kai sa'a 13 ba. In an shuka shi nan sai lawashi kawai. Saboda haka ku nemi irin gajeren yini, kamar Texas Early Grano, wanda aka fitar a Amurka cikin 1944. Irin albasa kuwa ba ya daɗewa, wanda ya shekara ƙarfinsa ya ragu. Ku ƙirga ƙwaya 20, ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, kada ya bushe. In kwana 10 ya cika ba a sami 15 sun tsira ba, kada ku saya.

2. Yafa iri. Da ɗaukewar ruwa, wajen watan Oktoba, a gyara fangali, a marmashe ƙasa, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. A ja layi da yatsa, zurfin rabin inci, a zuba iri sama-sama, a rufe, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. A riƙa yayyafa ruwa safe da maraice. Da ya tsira sai a kwashe ciyawar.

3. Dashe. Bayan mako 6 ko 7, sa'ad da kaurinsa ya kusa na fensir, a dasa da la'asar. Kada a bari ya tsufa, gama tsohon dashe in sanyin hunturu ya buge shi ya kan yi fure, kan kuwa ya lalace. A bar inci 6 tsakanin gindi da gindi, taƙi ɗaya tsakanin layi da layi. Wanda ya cushe don kwaɗayin yawa, ƙanana zai tona. Kada a binne da zurfi, inci 1 ya isa.

4. Ruwa da taki. Saiwar albasa gajera ce, ƙishirwa kuwa ta kan ƙara mata yaji. Ko da jigo ko da inji, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada ya kwanta. Yajin nan daga farar wuta ya ke, wadda ta kan sha daga ƙasa, don haka kada a yawaita takin zamani mai farar wuta. A cire ciyawa da hannu. In kun ga lawashi ya yi fari-fari, ku buɗe tsakiyarsa, wasu 'yan mitsimitsin ƙwari ne ke tsotsa. Ku gaya wa malamin gona da wuri.

5. Tono. Wata 3 zuwa 4 bayan dashe wuyanta zai yi laushi, lawashi ya kwanta. In rabin fangali ya kwanta, a yanke ruwa, bayan mako guda a tone. A shanya ta a inuwa mai iska har wuya ya bushe, sa'an nan a yanke lawashi.

6. Sayarwa. Ga babban gargaɗi. Wannan albasa ruwa ya yi mata yawa, ba ta jimre ajiya kamar ja. Wanda ya tara ta yana jiran tsadar damina, ruɓa zai tarar. A kai ta kasuwar Sara ko 'Yan Kaba ta Kano tun tana sabuwa. Mai hankali ya raba lambunsa: kashi ɗaya babba don kuɗin hannu, kashi biyu ja don ajiya.

Dagaci, ka tara masu lambun garinka a karanta musu wannan takarda tun ba a yafa iri ba. Kowa ya gwada da fangali 2 ko 3 tukuna, in ya ga amfani ya ƙara baɗi. Allah ya ba da sa'a, amin.