Sanin Labari da Sanin Ɗanɗano

Shekara uku ina koya wa yara "teku". Nakan ce ruwa ne mai gishiri, ba a hango gaɓarsa, su rubuta, in ba su maki. Ran da na tsaya bakinsa a Ikko, sai bakina ya mutu. Na daɗe tsaye, ina al'ajabin yadda aka yi ma akwai shi, akwai ni.

Imamu Gazali ma a 1095 harshensa ya ɗaure a Bagadaza, ya kasa ba da karatu, ya bar garin. Sanin da ya tafi nema shi ake kira zauƙi, watau ɗanɗano.

To, 'yan'uwa malamai, gobe darasin gishiri gare ni. Na ƙullo kaɗan a aljihu. Kowane yaro sai ya lasa kafin in taɓa alli.