Noti Mai Keji: Darasin da Na Koya da Jinin Yatsana

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta masu shirin fita IT, ga wani abu da ba a koya mana a aji.

Satina na farko a wani kamfanin haɗa intanet a cikin Kano, kullum nake hawo adaidaita daga gidanmu a Bacirawa, ina zaton saba za a ba ni in saita. Sai Oga ya miƙo min ledar wasu ƙananan notuna, ya nuna min rak, wato kabad ɗin ƙarfen da ake jera na'urori a ciki, ya ce, "Sa min goma sha biyu, na'ura uku za mu ɗaura." Kafin azahar na yanke babban yatsana, kuma duk goma sha biyun sai da aka cire su.

Ga yadda abin yake. Ginshiƙan rak suna da ramuka masu kusurwa huɗu, faɗin kowanne milimita 9.5, kuma ba su da zaren da sukuru zai kama. Shi ya sa ake maƙala noti mai keji: noti ne da aka rufe da siririn ƙarfe mai fiffike biyu. Idan zarensa ya lalace, shi kaɗai za a canza, rak yana nan lafiya.

Kuskurena na farko, ban ƙirga ramuka ba. Faɗin na'urar rak inci 19 ne, tsayinta kuma da U ake auna shi. U ɗaya milimita 44.45 ne, rami uku ke cikinsa. Tazarar ramukan ba ɗaya ba ce: 15.9, sai 15.9, sai 12.7. Wannan 'yar matsattsiyar tazarar ita ce iyaka tsakanin U da U. Ni kuwa daga ramin tsakiya na fara, sai kunnuwan na'ura suka ƙi haɗuwa da notunan. Na tuna maganar Baba a gona, idan kunyar farko ta karkace, har ƙarshen gona a karkace za a tafi.

Na biyu, da yatsa na yi ta dannawa. Ga yadda Oga ya nuna min:

1. Nemo iyakar U, ka yi alama da maka a ginshiƙan biyu. Na'ura mai 1U ramin sama da na ƙasa take so.
2. Noti ta bayan ginshiƙi yake zama, fiffikensa ɗaya hagu ɗaya dama.
3. Maƙala fiffike ɗaya a gefen rami, sannan ka zura abin sawa ta gaba, ka kamo ɗayan, ka ja har ka ji ƙas.

Abin sawar wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai ƙugiya, sau da yawa yana cikin ledar da ta zo da rak. Akwai kuma mai kamar filaya. In babu, sukudireba mai faɗin baki zai yi, amma yana zamewa, don haka kawar da ɗaya hannun.

Ka kuma duba girman zare. M6 ya fi yawa, akwai M5, akwai 10-32 na Amurka. Waɗannan biyun na ƙarshe kamar Hasan da Husaini suke a ido, amma in ka haɗa su zare zai ci. Fara murɗa sukuru da hannu. In ya yi tauri tun farko, tsaya. Kaya masu nauyi irin su UPS a ƙasa ake sa su, kuma mutum biyu ke ɗagawa.

Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya, ga bankuna da asibitoci, duk suna neman mai wannan aiki. Ni dai sai ranar da na jera notuna ashirin ba kuskure Oga ya ce, "To, gobe zo in nuna maka yadda ake saita saba."