Lauya da Talla: Yadda Ofishin Lauya Ke Rayuwa a Lokacin Tsanani, da Misali Daga Ƙofar Marusa

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da hanyar da take kiran masu saye. Mai fura tana da kiranta, mahauci yana da makaɗinsa, mai maganin gargajiya kuwa bakinsa shi ne jarinsa. Amma akwai sana'ar da doka ta ɗaure wa harshe a wajen talla, ita ce sana'ar lauya. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda mai irin wannan sana'a yake samun jama'a, da yadda zai riƙe ofishinsa har ya bunƙasa a lokacin da gari ya yi zafi. An ɗauki Ƙofar Marusa ta birnin Katsina a matsayin misali, domin unguwa ce da ta haɗa gidajen gado da gidajen haya da kantuna, wato irin wurin da rigimar fili da bashi da gado ba ta yankewa. Ita ƙofar, kamar Ƙofar Durɓi da Ƙofar Ƙaura, ta samo sunanta daga wata sarauta ta Katsina.

2.0 Zuwan Lauya Ƙasar Hausa

Kafin a san lauya, Bahaushe ya san alƙali da muhuti da wakili. Fiƙihun Malikiyya ya yarda mai ƙara ya naɗa wanda zai tsaya masa, kuma littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda alƙalanmu suka daɗe suna aiki da shi, ya yi babi a kan wakilci. Sai dai wakili ɗan'uwa ne ko amini, bai buɗe ofis yana jiran a zo a biya shi ba. Kalmar lauya kanta aro ce daga Ingilishi.

A zamanin En'e doka ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai, kuma hanin ya ci gaba bayan dokar 1967 wadda ta mayar da su kotunan yanki. Tsarin mulki na 1979 ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa ta bakin lauyan da ya zaɓa, sa'an nan hukunce-hukuncen manyan kotuna na shekarun 1980 suka buɗe wa lauyoyi ƙofar da aka rufe musu. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, birnin ya zama mazaunin babbar kotu da ma'aikatar shari'a, sai ofisoshin lauyoyi suka yawaita.

Wannan tarihi shi ya sa har yanzu talaka yake ɗari-ɗari da lauya. Sau da yawa za a ji ana cewa wane ya lauye magana, ana danganta abin da aikin lauya, ko da yake fi'ilin lauya, mai ma'anar tanƙwara abu, Hausa ce tsantsa, dacewar sauti ce kawai ta haɗa su. Ke nan aikin farko da ke gaban lauya shi ne kawar da wannan zato.

3.0 Abin da Doka Ta Ce Game da Talla

A da, ƙa'idojin sana'ar lauya a Nijeriya sun hana talla, bisa al'adar da aka gada daga Ingila. A Amurka, Kotun Ƙoli ta halatta wa lauyoyi talla a 1977, Ingila kuma ta sassauta a 1984. A Nijeriya, ƙa'idojin 2007 sun yarda lauya ya sanar da aikinsa, muddin sanarwar ta dace kuma ba ta ƙunshi ƙarya ko yaudara ba. Ba a yarda ya kushe wani lauya ba, ko ya yi taƙama da yawan shari'un da ya ci. An kuma hana shi aika 'yan kamasho su farauto masa masu ƙara, an hana shi zuga mutane su kai ƙara domin ya sami aiki. Allon da zai kafa a ƙofar ofis ma an ce ya zama matsakaici, ba mai ƙyalƙyali ba. An sabunta ƙa'idojin a 2023, suka fara aiki a farkon 2024.

Hikimar wannan ƙaidi a fili take. Mai sayen atamfa yana iya taɓa ta ya ji nauyinta kafin ya biya. Wanda ɗansa ke tsare kuwa ba shi da ma'aunin da zai gane lauyan kirki, kuma firgita ta riga ta rage masa tunani. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Don haka duk lauyan da ya yi alkawarin cin shari'a tun kafin a zauna, ya sayar da abin da bai mallaka ba.

4.0 Ire-iren Tsananin da Aka Shiga

Za a iya kasa tsananin da ya sami lauyoyin Katsina a 'yan shekarun nan gida uku.

Na farko shi ne rufe kotuna. A watan Maris na 2020, saboda annobar korona, Alƙalin Alƙalan Nijeriya na lokacin, Ibrahim Tanko Muhammad, ya ba da umurnin dakatar da zaman kotuna sai a kan al'amuran gaggawa. A watan Afrilu na 2021 kuma ma'aikatan kotuna suka shiga yajin aiki na fiye da wata biyu. Lauyan da abincinsa ya dogara ga kuɗin halartar kotu kaɗai, tukunyarsa ta sauka daga murhu.

Na biyu shi ne rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Safana da Faskari sun kori mutane da yawa zuwa cikin birni. A Disamba 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, a Satumba 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Lauya ya kasa zuwa kotunan karkara cikin natsuwa, shaidu sun watse, wanda ake karewa ma ba a samunsa a waya.

Na uku shi ne talaucin masu ƙara. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Katsina kuwa gari ne da cinikinsa ke haɗe da Maraɗi. Ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ga janye tallafin mai a watan Mayu na shekarar. Idan aljihun ɗan kasuwa ya bushe, kuɗin lauya na cikin abin da yake fara yankewa.

5.0 Hanyoyin Bunƙasa Ofis

Abin lura shi ne tsanani ba ya kashe buƙatar lauya, yana sauya mata kama ne kawai, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Lauyan da ke zaune a wuri irin Ƙofar Marusa yana da hanyoyi huɗu na halal.

(a) Aikin takarda. Ko kotu na rufe, ana sayar da gida, ana ba da haya, ana jingina, ana rabon gado. Wanda ya gudo daga ƙauye ya sayi fegi a bayan gari yana buƙatar wanda zai bincika masa asalin filin, ya kuma fahimtar da shi cewa tun dokar 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kuma mallakar wasu takardu sai da amincewarsa. Wannan aiki bai da hayaniya, amma shi ke riƙe ofis.

(b) Sulhu. Mutanen unguwa ɗaya da ke haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza ba su son su kai juna kotu. Lauyan da ya iya zama da mai unguwa da liman, ya rubuta abin da aka daidaita a kai yadda ba za a yi musu gobe ba, ya sami gida biyu a maimakon ɗaya.

(c) Harshe. A kotun majistare da babbar kotu da Ingilishi ake aiki, sai an nemi tafinta. Lauyan da zai warware wa tsohuwa bambancin beli da sallama, ko ma'anar ɗaukaka ƙara, cikin Hausar da take ji, ya yi tallar da ba dokar da ta hana. Haka nan shirin wayar da kai a rediyo, in ilimi aka bayar ba yabon kai ba. A nan ne ɗaliban Hausa ke da rawar takawa wajen fassara da daidaita kalmomin shari'a.

(d) Taimako da riƙon amana. Shari'ar Amina Lawal, wadda ta faro daga Bakori a 2002 ta ƙare da sallama a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina a Satumba 2003, ta fito da sunan lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, har ita Hauwa ta sami kyautar Sakharov a 2005. Ba allo ba ne ya yi musu wannan, aiki ne. Ko a ƙaramin ofis, ba da rasit, da faɗin kuɗin aiki tun farko, da yarda a biya kaɗan-kaɗan, da raba kuɗin mai ƙara da na ofis, su ne ke sa a ce wa maƙwabci, je ka wurin wane.

6.0 Kammalawa

An ga cewa lauya baƙo ne a tsarin shari'ar Bahaushe, kuma doka ta taƙaita masa talla domin kare mai rauni. An kuma ga cewa tsanani yana rage wani aikin ya buɗe wani. Haɗarin da ke akwai shi ne yunwa ta tura lauya ga ɗan kamasho a bakin ofishin 'yan sanda, ko ga jan shari'a domin kuɗin zama, ko ga taɓa dukiyar marayu da aka damƙa masa. Wanda ya yi haka zai ci na yau, amma a unguwar da kowa ya san gidan kowa, labari ba ya kwana. Jarin lauya a ƙasar Hausa shaidar jama'a ce, kuma a lokacin wuya ake tara ta, domin ba a manta wanda ya tsaya wa mutum ranar da ba shi da ko sisi.