Nasiha ga ɗiyata mai son binciken jijiya

Mahaifiyarki ta ce in kin gama karatun likita a Jami'ar Paraku, binciken jijiya kike so ki shiga: yadda take tsiro, yadda take gane hanyarta, da yadda take warkewa in ta tsinke. Wasu a gida Jugu suna ganin ɓata lokaci ne, gara ki buɗe asibitin kuɗi. Ni ban bi bayansu ba, amma ki san abin da ke gabanki.

Wannan fage ba ya son mai gaggawa. A 1890 Santiago Ramón y Cajal, mutumin Sifen, ya ga ɗan kan da ke bakin jijiya mai tsiro a jikin tsakon da bai ƙyanƙyashe ba. Kan yana tafe yana laluben hanya, kamar jagaban ayarin fatake da ke bi ta Nikki da Jugu zuwa Gwanja sayen goro: wani zango ya nufa, wani ya kauce masa. Cajal ya yi hasashen wasu sinadarai ne ke kiransa. Sai a 1994 Marc Tessier-Lavigne da abokan aikinsa a Amurka suka ware netrin, ɗaya daga cikinsu. Cajal kuwa ya rasu tun 1934.

In rashin kayan aiki ke ba ki tsoro, ki tuna Rita Levi-Montalcini. Da dokokin Mussolini na 1938 suka raba Yahudawan Italiya da aikin jami'a, sai ta mai da ɗakin kwananta a Turin ɗakin gwaji, ta wasa allurar ɗinki ta yi wuƙar fiɗa, tana nazarin jijiyoyin tsaki cikin ƙwai. Daga wannan aiki ta kai ga sinadarin da ke ciyar da jijiya ta yi tsiro, ita da Stanley Cohen, aka ba su kyautar Nobel a 1986, tana da shekara 77. Ban ce ƙwai kaɗai ya isa bincike a yau ba, amma dai ba ya wuya a kasuwar Arzeke.

Jijiyar hannu ko ƙafa in aka ɗinke ta, tsironta kusan milimita 1 ne a rana. Daga kafaɗa zuwa yatsu tafiyar fiye da shekara ce, tsokar da ta jira wata 12 zuwa 18 babu jijiya kuwa takan ƙanƙance ta daina amsawa. Laka kuma ba ta komawa yadda take. Albert Aguayo ya nuna a Montreal a 1981, da ɓeraye, cewa zaren laka yana iya tsiro in aka dasa masa guntun jijiyar ƙafa ya bi, wato muhallinsa ne ke hana shi. Martin Schwab a Zurich ya gano ɗaya daga masu hanawar, Nogo. Duk da haka har yau babu maganin da ke haɗa lakar da ta tsinke. Kada son aikinki ya sa ki yi wa iyayen wanda ya shanye alkawarin da ilimi bai cika ba.

Tambayoyinki suna bakin ƙofarki. Ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ya faɗi da babur, maɗori ya ɗora ƙashi ya kama, amma hannu yana lilo, gida kuma ana ta jira har lokacin tiyata ya wuce. Mai kuturta da mai ciwon suga tafin ƙafa ya mutu, ƙaya ta shiga ba su ji ba. Kina jin Dendi da Hausa, za su gaya miki abin da ba za su faɗa da Faransanci ba. Ki rubuta ranar raunin kowa da ranar zuwansa asibiti, ki bi shi wata da watanni.

Ki koyi Ingilishi sosai, da shi ake buga yawancin wannan bincike. In an kira ki karatu Turai ki je, amma kafin nan ki nemi sashen jijiya na asibitin koyarwa na Borgu, inda Farfesa Thierry Adoukonou ya daɗe yana aiki, ki roƙi a bar ki ki riƙa zama ranar ganin marasa lafiya.