Haƙƙin Tsofaffi a Wurin Gwamnati da Nauyin Masu Kula da Su

A kowace unguwa muna da dattijon da ya ƙare ƙarfinsa a gona ko a aikin gwamnati, yanzu ba ya iya sayen maganin hawan jini, muna kuma da 'yar da ta bar kasuwancinta ta zauna jinyar uwa. Yawancinmu ba mu san abin da dokar ƙasa ta tanadar wa irin waɗannan bayin Allah ba, shi ya sa muka keɓe darasin wannan wata a kansa.

Abin da tsarin mulki ya ce

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 16, ya sa kula da tsofaffi da biyan fansho cikin manufofin da gwamnati za ta bi. Sai dai sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. Saboda haka alkawarin ba ya zama haƙƙin da za a iya nema sai majalisa ta yi masa doka ta musamman.

Fansho

A 2004 aka kafa tsarin fansho na karo-karo, aka sabunta dokar a 2014. Ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki yana zuba aƙalla kashi 10, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom. Kowace jiha kuwa da tata dokar take bi da ma'aikatanta, don haka abin da malamin makaranta ya samu a wata jiha yakan bambanta da na maƙwabciyarta. Manomi da tela da mai sayar da ƙosai ba su da mai zuba musu ko sisi. Dominsu aka buɗe ƙaramin tsarin fansho a 2019, inda mutum ke ajiye abin da ya sawwaƙa da kansa.

Lafiya

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta umarta a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma kafa asusun marasa galihu, tsofaffi suna cikin waɗanda ta ambata. Hukumomin inshorar lafiya na jihohi ne ke yin rajista, wanda sunansa bai shiga ba kuwa zai ci gaba da biya daga aljihunsa.

Cibiyar dattawa da tallafin jihohi

A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, a 2021 kuma cibiyar ta fara aiki, aka amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa. Tun a 2011 Jihar Ekiti ta fara ba matalautan tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama naira 5,000 kowane wata. Wannan ya nuna cewa jiha tana iya tallafa wa wanda bai taɓa cin albashi ba, in shugabanninta sun ga dama.

Masu jinya

Ko ɗaya daga cikin waɗannan dokoki ba ta yanka wa 'ya ko suruka mai jinyar tsoho a gida albashi ba. Ita ce mai wanka da wanki da tashin dare, sana'arta kuma tana mutuwa a hankali. In ta kwanta ciwo, gidan ya sami marasa lafiya biyu ke nan. Umarni na huɗu bai ɗora girmama iyaye a kan ɗiya mace kaɗai ba, yana kan 'ya'ya maza da ke birni kamar yadda yake kanta.

Abin da za mu iya yi

Na farko, kowace majami'a ta rubuta sunayen tsofaffinta da na masu jinyarsu. Na biyu, matasa masu ilimi su raka su yin lambar shaidar ɗan ƙasa, gama kusan kowace rajista tana bukatarta. Na uku, mai fansho ya adana takardar ɗaukarsa aiki da ta ritaya, ya sabunta sunan magajinsa tun yana da rai, domin gwauraye da yawa sun sha wahala a kan wannan. Na huɗu, Zumuntar Mata da sauran ƙungiyoyi su tsara karɓeɓeniya, mai jinya ta sami ko yini ɗaya a mako ta huta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Tsofaffi nawa ne a majami'armu ba su da fansho ko rajistar inshorar lafiya?
2. Wa ke jinya a gidajenmu, yaushe kuma muka ɗauke mata nauyin ko na yini guda?
3. In masu neman ƙuri'a suka zo, me za mu tambaye su game da kuɗin 'yan fansho da maganin tsofaffi?