Tsuntsayen birni da na daji

Yara, ku tsaya bakin kasuwar Maraɗi da safe, ku ɗaga kai. Ga tsuntsaye da yawa! To, ku ƙidaya irinsu: tattabara, kurciya, hankaka, shirwa. Kafin yatsunku su ƙare kun gama.

Tsuntsaye ma suna da dangi, kamar mutane. Tattabara da kurciya ƴan gida ɗaya ne, kakansu guda. Shirwa da ungulu ma haka. Ashe tattabara 100 da kurciya 100, dangi ɗaya ke nan kawai.

Inda gidaje suka cunkushe, aka sare itatuwa, aka zuba siminti, tsuntsun da ba ya zaɓen abinci shi ke zama. Hankaka ya yi kiwo a juji, tattabara ta yi sheƙa bisa soro. Fakara fa? A ƙasa take yin ƙwai, cikin ciyawa. A birni kare da kyanwa ba za su bar ta ba.

Burtu ya fi ba ni tausayi. Yana bukatar fili mai faɗi da kogon babban icce, kamar kuka. Danginsa iri 2 ne tak a duniya, duka a Afirka. In ya bar wuri, babu ɗan'uwan da zai maye gurbinsa.

Har ungulu, wadda ta saba da mahauta, ta ragu ƙwarai. A 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Aiki: ku rubuta sunayen tsuntsayen filin lakkwal, sa'an nan na gona. Ina dangi suka fi yawa?