Amsoshin Tambayoyinku: Tikitin United, Jirgin SkyWest

Tambaya: Ɗana da ke karatu a Amurka ya sayi tikitin United, jirgin ma fentin United ne a jikinsa, amma a tikitin an rubuta cewa kamfanin SkyWest ne ke tafiyar da shi. Damfara ce ko yaya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Kwantar da hankalinka, babu damfara. Haka harkar take a can, kuma doka ce ta wajabta a rubuta sunan mai jirgin a tikiti.

Manyan kamfanoni irin su United da Delta da American ba sa son tura manyan jiragensu ƙananan garuruwa, domin ba za su cika ba. Sai su ba ƙananan kamfanoni kwangila su riƙa kwaso musu fasinja zuwa manyan filaye kamar Chicago da Atlanta da Dallas, da sunan United Express ko Delta Connection ko American Eagle. Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya yi shatar mota: ta cika ko ba ta cika ba, kuɗin mai mota ba ya canzawa. Babban kamfani ne ke sa farashi, ya tsara lokacin tashi, ya karɓe kuɗin tikiti, galibi har mai shi ke saya. Ƙaramin ya kawo matuƙa da ma'aikata, ya kula da gyara, a biya shi bisa yawan tashi da awoyin da ya yi yana aiki, da ɗan ƙari idan ya kiyaye lokaci.

To, a nan gizo ke saƙa. Fasinja ba shi ne abokin cinikin ƙaramin kamfani ba. Abokan cinikinsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Jiragen kuma kusan iri ɗaya ne a wurin kowa, Embraer 175 ko CRJ, domin yarjejeniyar manyan kamfanonin da ƙungiyoyin matuƙansu ta hana 'yan kwangila amfani da jirgin da ya wuce kujera 76. Me ya rage a yi gasa a kansa? Araha, da rashin soke tashi. Arahar kuwa daga albashi ake matso ta. Kamfanin da ya daɗe, ma'aikatansa sun yi shekaru, albashinsu ya hau, sai sabon shiga ya karya farashi ya ƙwace kwangilar.

Comair ya ga haka. Mallakar Delta ne, matuƙansa sun yi yajin aiki na kwana 89 a 2001, suka samu ƙarin albashi. Daga baya Delta ya riƙa rarraba aikin ga wasu, har ya rufe Comair a 2012. ExpressJet kuwa, a 2020 United ya zaɓi CommutAir ya bar shi, bai kai ƙarshen shekarar yana tashi ba. A shekarar ce kuma annobar korona ta tafi da Trans States da Compass.

Matsin ya taɓa yin muni. A Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air, da ke aiki da sunan Continental, ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya ɗora laifi kan kuskuren matuƙi, amma ya fito da batun horo da gajiya da ƙarancin albashi fili. Daga 2013 aka wajabta wa mataimakin matuƙi tara awa 1,500 a sama kafin a ɗauke shi, in ban da 'yan rangwame ga tsofaffin sojoji da masu digirin fannin. Matuƙa suka yi ƙaranci, manyan kamfanoni kuma na kwashe ƙwararrun. Republic ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2016, ya ce rashin matuƙa ne ya durƙusar da shi. Zuwa 2022 reshe ya juye da mujiya: kamfanonin da American ya mallaka, wato Envoy da PSA da Piedmont, suka ɗaga albashin sabon mataimaki zuwa dala 90 a awa, sauran suka bi sahu dole.

Wanda ya fi jure wannan guguwa shi ne SkyWest, da aka kafa a 1972 a jihar Utah. Dabararsa ita ce bai jingina da ubangida ɗaya ba: yana yi wa United da Delta da American da Alaska aiki lokaci guda. Sauran kuwa sai haɗewa suke yi, kamar yadda Republic da Mesa suka sanar a 2025. A wannan kasuwa, kamfanin da ke da kwangila ɗaya tak ba shi da bakin ciniki, kuma ranar da aka ƙi sabunta ta, ranar zai tattara ya-nasa-ya-nasa.